'Yata ta iya ƙira, dangin manemi sun ce sai ta ajiye masaba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim. Maigidana maƙeri ne, gadon gidansu ke nan tun kaka da kakanni. Allah Ya ba mu 'ya'ya biyar, duk mata. Babbar, wadda ba na kama sunanta don 'yar fari ce, tun tana ƙarama take bin ubanta maƙera tana yi masa zuga. Yanzu shekarunta 19, ta gama sakandare, ta iya lauje da fartanya da gatari, har bakin garmar shanu tana gyarawa. Tun da ciwon kafaɗa ya kama ubanta bara, kusan ita ke riƙe da aikin. Shi yake kai kayan kasuwar Gujungu ran Lahadi, da kuɗin muke ci, kuma yana alfahari da ita.

To yayansa, baffan yaran, ya ce abin kunya ne, mace ba ta ƙira, kuma sirrin gidansu zai bi ta gidan wani. Ya kawo ɗansa, yaron ya yi 'yan watanni ya tafi Kano tuƙin adaidaita. Ga kuma wani malamin firamare yana nemanta, suna son juna, amma mahaifiyarsa ta aiko cewa ba za a kawo mata suruka mai kanta, wato taurin fata, a hannu ba, sai ta bar ƙira kafin a sa rana. Ni na ce mu ce ta bari, a ɗaura aure, in ya so daga baya ta ci gaba a hankali. Ubanta ya ce shi ba zai yi ƙarya ba. Yarinyar ba ta ce komai ba, sai dai ta rage cin abinci, ni kuma kunya ta hana ni zama da ita. Ina tsoron ta rasa miji saboda ƙarfe, ina kuma tsoron mu rasa abinci. Ki ba ni shawara.

Wata uwa, daga ƙasar Ringim

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya yi wa yaran albarka.

Zan fara da dabarar da kika kawo, don ita ta fi gaggawa. Kada ku yi ta. A nan maigidanki ya fi ki gaskiya. Ƙira ba ƙullin daddawa ba ce da za a yi a ƙuryar ɗaki. Ranar da ta ɗaga masaba, gudumar ƙira, rabin gari ya ji. Surukar da kuke son rufewa za ta sami labari tun lallen amarya bai goge ba, daga nan kuma 'yarki ta zama wadda iyayenta suka yi wa mutane rufa-rufa. Ko gishiri ne ya yi yawa a miya sai an tono maganar. Abin da ya fi wannan ma, yanzu su ke nema, ku ke da abin bayarwa, maganarku tana da nauyi. Da an shafa fatiha izini ya koma hannun miji, ku kun koma masu roƙo. Wa zai saurari "ai dama da niyyar ta ci gaba muka yi" daga bakin mutanen da suka ce ta bari a gaban dattawa? Ku maƙera kun fi ni sanin lokacin da ake dukan ƙarfe. Duk abin da za a faɗa, a faɗe shi kafin sa rana.

Amma kafin ku tunkari kowa, akwai wadda ban ji muryarta a wasiƙarki ba. Baffa ya yi magana, uwar yaro ta aiko, uba ya faɗi nasa, ke ma kin yi naki lissafin. Mai abin ta yi shiru tana tura tuwo gefe.

Na san kunyar 'yar fari, ba kuma zan ce ki yar da ita ba, da ita aka raine mu. Sai dai kara a gaban mutane ake yin ta. Ba ta hana uwa ta kira 'yarta ɗaki bayan isha ta ce zo ki taya ni tsintar wake, a yi maganar ido na kan faifai. In bakinki ya ƙi buɗuwa, ki sa ƙanwarki ko gwaggonta, wadda yarinyar ke sakewa da ita. Ban da gaban ubanta. Yarinyar da ke ganin mahaifinta yana cije leɓe duk sanda ya ɗaga hannu ba za ta taɓa cewa ta gaji ba. Kada kuma a ce mata "kina son ƙira?" A ce: da kafaɗar Baba za ta warke gobe, ga rumbu cike da gero, za ki koma maƙera ko kuwa?

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne inda kika ce kina tsoron ku rasa abinci. Ban ga laifinki ba, mai 'ya'ya biyar da miji marar lafiya dole ta yi wannan tunanin. Amma gidaje da yawa suna barin 'ya mace ta yi aikin maza muddin kuɗin na shiga tukunyarsu, sai su ce goyon baya suke ba ta. Ga yadda za ki auna naku. In an dawo daga Gujungu ran Lahadi da yamma, an zazzage kuɗi a tabarma, an cire na ƙarfe da na gawayi da na mota, nawa ake miƙa mata a ce wannan naki ne? In amsar ita ce "ai duk namu ne", to ba magajiya gare ku ba, lebura gare ku da ba a biya. Daga wannan makon a yanka mata kaso sananne, ko kaɗan ne, ta riƙe da hannunta, ta shiga adashi ko ta sayi tunkiya. In kuwa ta ce ta gaji, aurenta take so, shi ma a karɓa da fuska a sake, ubanta ya ɗauki yaro a gari ya koya masa.

Sauran maganata a kan ta ce tana so ne, kuma haka nake zato, don wanda aka tilasta wa yana iya koyon zuga amma ba ya kai wa ga gyaran bakin garma.

Da addini za a fara jifan ku, saboda haka ki san inda kika tsaya. Babu aya, babu hadisi da ya hana mace ƙira. Abin da shari'a ke dubawa shi ne sana'ar halal ce, an kiyaye sutura, ba a keɓe da namijin da ba muharrami ba, kuma da yardar uba ko miji. 'Yarki a gefen mahaifinta take aiki, da izininsa. A Suratul Ƙasasi, Annabi Musa (AS) ya iso ruwan Madyana ya tarar da mata biyu sun tsare dabbobinsu a gefe, maza na ta shayarwa. Da ya tambaye su suka ce ba sa shayarwa sai makiyaya sun watse, kuma ubansu tsoho ne mai yawan shekaru. Dalilinsu ke nan, kuma bai yi nisa da naku ba. Alƙur'ani bai zarge su ba, bai zargi uban ba, ɗayarsu ma ita aka aura wa Annabi Musa. Nana Zainab 'yar Jahshi, matar Manzon Allah (SAW), jima take yi da ɗinkin fata, ta yi sadaka da abin da ta samu. A nan ƙasarmu kuwa majema da dukawa maza aka sani. Maigidanki ya zauna da limaminku a kan wannan, don in magana ta tashi a majalisa a sami mai cewa a'a, ba haramun ba ne.

Abin da ya rage al'ada ce, ita kuma iyakarta matsawa take yi, mu ne ba ma lura. Kakanninmu mata su ke niƙa a kan dutse, su ke surfe, su ke casa. Ranar da inji ya zo aikin ya zama na kuɗi, maza suka karɓe shi. Je ki injin casar shinkafa a Hadejia ko Kura ki ga su wa ke tsaye a kai, ba wanda ya ce sun shiga aikin mata. Ɗinkin hula a da na maza ne, yau 'yan mata nawa ke haɗa kayan ɗaki da shi? Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta naɗa matan da ake kira jaji su zagaya ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu, malfa ta ɗora musu a ka. Ubanta ne ya karantar da ita, ɗan uwanta Sarkin Musulmi Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo suka tsaya mata.

Yanzu baffa. Kada ki ɗauke shi maƙiyi. Maƙera mutane ne masu ji da gadonsu, kuma da dalilinsu: ko a labarin kafuwar Kano cewa ake wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya ya zo Dala neman tama. Gidan da ke da irin wannan asali, da kiɗansa na dundufa, da sarkinsa, da maganin ƙunarsa, ba ya son abin ya fita daga hannunsa. Abin da ya sa ba a koya wa mata ke nan, ba don ƙarfe na gudun hannunsu ba. Ana ganin 'ya mace ta gidan wani ce, abin da ka ba ta surukai ka bai wa. To amma yau in ba ita ba, wa? An ba ɗansa, ya zaɓi adaidaita, ba kuma laifi ya yi ba. In ta ajiye masaba gadon ba gidan baffa zai koma ba, mutuwa zai yi, uwar maƙera, ƙarfen da ake ƙira a kansa, ta ƙare a kan sikelin 'yan gwangwan.

Maigidanki ne zai je, shi kaɗai, a matsayinsa na ƙane. Ke kada ki sa baki, da kin yi magana za a ce mace ce ke juya shi. Ya ce masa: Yaya, ba jayayya ta kawo ni ba, ƙofar maƙera a buɗe take ga duk ɗanka da ya dawo, sirrin gida da wasan wuta suna hannunka, ba ta nema ba, aikin hannu take yi, da izinina. Sau da yawa abin da babba ke so kawai a nuna masa ana sane da girmansa. Daga nan ya ɗauki goro da lauje biyu na hannunta ya je wurin Sarkin Maƙeran yankinku, ya gabatar da ita yadda ake gabatar da duk yaron da ya ƙware. Wanda ya san aiki in ya ga aiki ba ya ƙaryata idonsa, ko da bakinsa ya ƙi yabo.

Ki kuma lura, a al'adarmu baffa ne ke karɓar masu neman aure, shi ke bayarwa ranar ɗaurin aure. In kuka bar shi da ra'ayinsa na yanzu, shi da kansa zai ce wa dangin yaro "ai ta bari, ku kwantar da hankalinku," ku kuna cikin gida ba ku sani ba. A shari'a uba ne waliyyi, baffa wakilci yake yi. A bar masa girmansa, amma maigidanki ya zauna a zauren ranar da za a yi maganar, ya faɗi sharaɗin da bakinsa.

Akwai kuma maganar da ba a son yi. Allah Ya ja kwanan maigidanki, amma in ta Allah ta kasance bai bar ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata suna da kashi 2 cikin 3, ke kina da tumuni, wato kashi 1 cikin 8, abin da ya saura kuma in iyayensa ba su raye na 'yan uwansa ne. Uwar maƙera da masaba da awartaki duk za su shiga rabo, kuma ba a tsaga uwar maƙera, sayarwa ake yi. Wasiyya ba za ta yi aiki ba, babu wasiyya ga magaji. Ko dai ya ba ta kayan kyauta yanzu da ransa da lafiyarsa, a gaban shaidu, ta karɓa su zama a hannunta, don a Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu ta ɓaci, ya kuma yi wa ƙannenta wani abu saboda adalci. Ko kuma, wanda na fi so, ta sayi nata da kason da kuka fara ba ta, ɗaya bayan ɗaya, ana rubutawa. Abin da mutum ya saya da guminsa ba mai ce masa na kakanni ne.

Sai manemin. Duk wasiƙarki ban ji me shi ya ce ba, sai abin da mahaifiyarsa ta aiko. Malamin nan ba a makance ya zo ba. Ya san gidan maƙera ya shigo, ya ga hannunta a wurin zance, ya kuma dawo. Maigidanki ya kira shi zaure ya tambaye shi ba zagaye-zagaye: ka yarda matarka ta yi ƙira? In ya ce ya yarda, a bi yardar daki-daki. Maƙerar ubanta za ta riƙa zuwa, ko rumfa zai kafa mata a gida? Kwana nawa a mako? Wa zai kai kaya kasuwa? Ya san kuɗinta nata ne, ciyarwa kuma tana nan a wuyansa ko da wani watan ta fi shi samu? Wannan ta ƙarshen ita ce ke kashe aure, ba hayaƙi ba. Abin da aka amince a rubuta, shaidu su sa hannu. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne waɗanda aka ƙulla aure a kansu. Malaman Malikiyya sun bambanta sharaɗin da ke ɗaure miji da wanda alkawari ne kawai, don haka ku sa malamin da ya san fiƙihu ya tsara muku lafazin. Ko takardar ba ta kai ku kotu ba, tana maganin "ni ban ce ba".

In kuma ya ce shi ya yarda amma Inna ce, ku ba shi lokaci ya je ya shawo kanta, aikinsa ne ba naku ba. Namijin da ya kasa yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi lokacin da yake ɗokin aure, ba zai iya ba bayan amarci ya wuce.

Ita ma uwar tasa kada ku yi mata kallon muguwa. Gori take gudu, a ce ɗanta mai ilimi ya auro maƙeriya, tana kuma tunanin ko yarinyar za ta fi ƙarfin ɗan nata. Kanta a hannu kuwa ba ita ce maganar ba. Duk macen ƙauye da ta yi surfe da faskare da jan guga tana da ita, har da mai aiken. Wannan tsakaninmu ne, kada a faɗa mata. A tura dattijuwa mai iya magana, wadda suke mutunci, ta tafi da murhun gawayi ƙirar yarinyar ta ce 'yarki ce ta ce a kawo miki. Ban ce murhu zai juya zuciya ba, amma ya fi mayar da martani.

Bari in taɓo sana'ar kanta, kada mu yi ta faɗa a kan abin da ba zai ciyar da ita nan da shekara 10 ba. Manomi ba ruwansa da wanda ya ƙera. Ki tsaya a layin maƙera a Gujungu, ko Maigatari ran Alhamis, ko Wudil ran Juma'a, ki ga yadda ake sayen lauje: ya ɗauka ya jinjina, ya ƙwanƙwasa shi da wani ƙarfen ya kasa kunne, ya shafa bakin da babban yatsa, ya girgiza ƙota ya ji ko ta zauna. In ya yi masa sai ciniki. Tun bara a haka ake sayen na 'yarki. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙirar gargajiya ita kanta tsukewa take yi. Maganin feshi ya rage noma da fartanya, kayan kamfani na shigowa, ƙarfen sifirin na tsofaffin motoci da ake yin lauje da gatari da shi ya yi tsada. Cinikin ma da lokacinsa: gab da damina a yi rububin fartanya da garma, da kaka a nemi lauje da magirbi, tsakani a zauna.

Inda kasuwa ke buɗewa shi ne walda: amalanken shanu, ƙofofi da tagogi, injin sussuka, da ƙafafun da ake ɗora farantan sola a gonakin rani, waɗanda suka yawaita tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Ku da ke kusa da kogin Hadejia, masu noman rani ba sa rabuwa da abin gyara. Yarinyar da ta san halin ƙarfe a wuta, ta kuma yi lissafi a sakandare, ba daga farko za ta fara ba. Tana iya zana jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i da fasaha ta ƙasa, ko ta nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In takardunta sun yi kyau, ga kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga ta Binyaminu Usman a Hadejia. Wannan ma a sa shi cikin maganar da za a yi da malamin. Mai koyarwa bai kamata ya ji tsoron karatu ba. Tana kuma da kasuwar da maƙeri namiji ba ya shiga, ta matan kulle. Murhu ne, kaskon tuya ne, wuƙa ce, mace za ta zo wurinta har tsakar gida ta faɗi yadda take so.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali a labarinki ba bakin mutane ba ne, hijabinta ne. Yawancin hijaban kasuwa yadin roba ne. Tartsatsi in ya faɗa masa ba kamawa kawai yake yi ba, narkewa yake ya manne a fata, ga shi dogo, yana lilo a kan wuta duk sanda ta sunkuya. A ɗinka mata na aiki da yadin auduga mai kauri, gajere, ta cusa shi cikin riga mai dogon hannu, ta ɗaura walkin fata, ta sa takalmi rufaffe, ba silifas ba. Sutura ta cika, wuta ba ta sami abin kamawa ba. In ta fara walda, gilashin walda na gaske, ba baƙin tabarau na gayu ba, don hasken yana ƙona ido. Ta je asibitin karkara ta karɓi allurar rigakafin sarƙewar haƙora, irin wadda ake yi wa wanda ƙarfe ya yanka. Guda 5 ce cikin 'yan shekaru, za ta kuma kare jariranta in Allah Ya kawo.

In maƙerar ta koma cikin gida, rumfa ce mai shan iska, nesa da zana da rumbu. Gawayi a rufaffen ɗaki kashewa yake yi ba tare da mutum ya ji komai ba. Kada kuma a yarda da narka dalmar tsohon batir, ko nawa za a biya. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a tsakar gidan da suke rarrafe.

Bayan duk wannan suna iya cewa sun fasa. Zai yi ciwo, za ta yi kuka, wataƙila ma ta ce ku kuka jawo. Ba zan yi miki alkawarin wani na nan tafe gobe ba, amma 'yar shekara 19 mai sana'a a hannu ba ta makara ba. In kuma ta duba ta ce shi ta zaɓa, ta ajiye masaba da saninta, ku sa mata albarka, ban da gori. Abin da ba na so shi ne ubanta ya yi zuciya ya ce to sai ɗan maƙeri, a yi gaggawar haɗa ta da wanda ba ta so don kawai zai bar ta ta yi ƙira.

Kafaɗar nan kuma tun bara, an kai shi asibiti kuwa, ko shafe-shafe ake ta yi a gida? Maƙera akwai yarda da maganin kansu. Ki matsa masa ya je babban asibitin Ringim likita ya duba shi, a ɗauki hoto in da buƙata, ya kuma daina ɗaga babbar masaba har a ji abin da aka ce. Allah Ya zaɓa wa yarinyar abin da ya fi alheri.